Keken Baffa da giyar nan uku da ke ɓoye a cikin taya (rubutaccen shirin wannan makon)

 

Yau maganar giya za mu yi. A'a, ku tsaya, kada wani ya ruga ya kai ƙarata gida, giyar keke nake nufi. Akwai wani irin keke da idan ka kalle shi za ka rantse ba shi da giya ko ɗaya: sarƙa ɗaya, faranti ɗaya a gaba, ƙaramin faranti ɗaya a baya. Amma idan ka duba tsakiyar tayar baya za ka ga hob ɗin ya yi ƙiba kamar gwangwanin madara, ga wata 'yar siririyar sarƙa tana fitowa daga cikin notin gefen dama. To giya uku ce kwance a cikin wannan gwangwanin. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke damun matasa a rasa abin tattaunawa sai hob ɗin keke? Ku ba ni minti kaɗan.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kowa ya san yadda kuɗin adaidaita ya koma. Ni dai na zauna na yi lissafin abin da nake kashewa a zirga-zirga, daga gida zuwa wajen aiki, daga can zuwa taro, na ga abin ya kusa cinye rabin abin da nake samu. A lokacin ne na tuna da keken Baffana, yayan mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Raleigh ne baƙi, yana jingine a zaure shekara da shekaru, tayoyi sun tsage, gizo-gizo ya yi gida a ƙarƙashin sirdi. Na nemi izini aka ce in ɗauka.

Da na kai shi wajen wani mai gyara a bakin titi, matashi ne kamata, ya juya feda ya ji tana zamewa, ya ce ai wannan hob ɗin ya mutu, a kwance shi a ɗaura na Chana mai firiwil, a huta. Har ya ɗauko filaya. Wallahi saura ƙiris in amince, don ni ma ban san abin da nake riƙe da shi ba. Abin da ya hana ni kawai shi ne kuɗin da ya faɗa ba su cika a aljihuna ba. Talauci ya yi min rana.

Bayan kwana biyu wani ya kwatanta min wani dattijo a cikin gari da ya daɗe yana gyaran keke. Na tura keken har can. Ya kalli hob ɗin, ya sa tsumma ya goge dattin da ke kai, ya ce, "Ɗana, zo ka karanta min nan, idona ya yi rauni." Na duƙa na ga an rubuta Sturmey-Archer, ga haruffa AW, ga lamba 76 da 3. Ya ce watan uku na shekarar 1976 ke nan aka ƙera shi. Na ce, "Baba, an ce min fa ya mutu." Ya yi dariya. Ya ce ƙishirwa ce kawai take damunsa. Ya buɗe wani ɗan murfi a jikin hob ɗin da ni ban ma lura da shi ba, ya ɗiga mai, ya juya taya, ya sake ɗigawa, ya murɗa wani ɗan abu a jikin waya. Bai fi minti goma sha biyar ba. Na hau, giya uku duk suna shiga.

Daga ranar na zama kamar ɗan makarantarsa, kuma na shiga karance-karance a kan abin. Abin da zan gaya muku yau haɗin biyun ne.

Wannan hob ɗin ɗan Ingila ne, daga garin Nottingham, garin da kamfanin Raleigh yake. A 1902 aka fara fitar da shi da sunan mutum biyu, Henry Sturmey da James Archer, duk da cewa masu bin tarihin abin suna cewa ainihin ƙirar ta wani injiniya ce mai suna William Reilly, wanda sunansa bai hau kan ƙarfen ba. Samfurin AW ɗin da ke keken Baffa ya fito ne a 1936, aka ci gaba da buga shi shekara sittin da wani abu kusan ba a canza komai ba. Shi ya sa kayan cikin na wata shekara suke shiga na wata. A 2000 kamfanin ya durƙushe, wani kamfanin Taiwan mai suna SunRace ya saye shi ya kwashe aikin zuwa can, har yau ana yi. Mu kuma alaƙarmu da Raleigh ba sai an faɗa ba, har masana'antarsa aka yi a Bompai nan Kano, kuma ku tambayi kakanninku abin da ake nufi da a ce saurayi ya sayi Rali a zamaninsu. Galibin waɗanda suka zo mana marasa giya ne. Masu giyar sai wane da wane.

Ba Ingila kaɗai ba ce. Jamusawa suna da nasu, Torpedo na kamfanin Fichtel & Sachs. Japan kuma akwai Shimano, wanda ake kira Nexus, shi ne za ku fi gani yanzu a jikin kekunan gwanjon nan masu kwando a gaba. Duk dabarar iri ɗaya ce a ciki.

To mene ne a ciki? Ku ɗauka akwai wani ɗan gargare mai haƙora 20 a manne a jikin aksul, ba ya motsi ko kaɗan. Shi ake kira rana. A kewaye da shi akwai wasu guda huɗu, kowanne haƙora 20, suna zagaya shi suna juyawa, an dasa su a jikin wani keji guda. Sai kuma wani babban zobe mai haƙora 60 ta ciki da ya rufe su duka. Shi ke nan fa, ba wani tsafi. Lissafinsa kuma ɗan aji uku na sakandare zai yi: tunda ranar a tsaye take, duk lokacin da keji ya zaga sau 3, zobe zai zaga sau 4.

A giya ta ɗaya ƙarfin ƙafarka yana shiga ta zobe ya fita ta keji, wato farantin baya ya juya sau 4, taya ta juya sau 3. Tafiya ta ragu, amma ƙafa ta samu sauƙi. A giya ta biyu kai tsaye ne, faranti ɗaya taya ɗaya, kamar keke marar giya. A ta uku sai a juya lamarin, ƙarfi ya shiga ta keji ya fita ta zobe, faranti sau 3, taya sau 4. Wayar da ke zuwa daga kan keke, aikinta kawai ta ja wani ɗan ƙarfe mai kama da gicciye a ciki, shi yake zaɓar inda ƙarfin zai bi. Na Shimano tazararsa ta ɗan fi faɗi kaɗan, ta ɗaya 0.73, ta uku 1.36, maimakon 0.75 da 1.33. A ƙafa da wuya ka ji bambancin.

Abin da ya sa nake ganin wannan ƙirar kamar don mu aka yi ta: komai a rufe yake. Ku dubi kekunan nan masu faranti bakwai a baya da wani hannu yana lilo a ƙasa. Suna da kyau, ban ce ba su da kyau ba, amma a ƙurar hunturu mai da ƙasa suna haɗuwa su zama kamar sanfefa, su cinye sarƙa da haƙora. Keken ya faɗi ta gefen dama a wajen ajiya, hannun ya lanƙwashe, giya ta rikice. Shi wannan ba abin da ke lilo. Sannan kana iya canza giya kana tsaye cak. Danja ta tsayar da kai kana giya ta uku, sai ka danna ta ɗaya kana jira, a ba da hannu ka tashi cikin sauƙi. Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoso da adaidaita a bayansa yana danna masa hon ya san darajar wannan.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, don nan ne mutane da yawa suke yanke wa keken hukuncin da bai cancanta ba. Za ka ji an ce keken nan nauyi ne da shi, giya ta uku ba ta takuwa. Gaskiya ne. Amma laifin ba na hob ba ne, na ƙaramin farantin baya ne.

Yawancin irin keken nan sun fito daga kamfani da haƙora 46 ko 48 a gaba, 18 a baya. Na Baffa 46 da 18 ne, taya kuma babba ce, inci 28, wadda zagayenta ɗaya ya kai wajen mita 2.23. Ku ɗauko kalkuletar wayarku mu yi tare. 46 a raba da 18, ya ba ka 2.56. Ka ninka da zagayen taya, duk juyin feda ɗaya a giya ta biyu keken zai tafi wajen mita 5.7. A ta ɗaya wajen mita 4.3. A ta uku mita 7.6. To mutum mai taka feda a natse yana yin kamar juyi 60 a minti. Mita 7.6 sau 60 sau 60, kilomita 27 ke nan a awa. Don Allah a cikin garin nan, da ramuka da 'yan talla da masu fitowa daga lungu ba sallama, wa yake gudun kilomita 27 a kan baƙin Rali? Ka ga ke nan giya ta uku ta zama ado. Kana da giya uku amma biyu kake amfani da su, kuma ta ɗayar ma ba ta yi laushin da za ta hau da kai gadar sama da buhu a kariya ba.

Maganin ba shi da tsada. A cire farantin 18 a sa 22. Sake lissafi: 46 a raba da 22, 2.09. Giya ta biyu ta dawo wajen mita 4.7, ta ɗaya 3.5, ta uku 6.2. Yanzu ta uku ta zama ta miƙaƙƙen titi, kilomita 22 a awa ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba. Ta biyu ta zama ta tashi daga tsaye, da ranar da iska ke bugun ƙirji, da ranar da ka ɗauko kaya. Ta ɗaya kuma ta hawa. Ranar da na fara hawa gadar Ƙofar Nasarawa a zaune, ban miƙe a kan feda ba, ban sauka na tura ba, sai da na yi dariya ni kaɗai.

Akwai masu ra'ayin cewa giya ta biyu ce ya kamata ta zama ta yau da kullum, tunda ita ce kai tsaye, ƙarfi ba ya bi ta haƙoran ciki balle wani abu ya salwanta. Hujja ce mai kyau. Wanda yake da ƙarfin ƙafa, ba ya ɗaukar kaya, garinsu shimfiɗe yake, ya sa 20 ya tsaya tsakiya. Ni dai na zaɓi 22, don abin da ke salwanta a ciki bai kai wahalar da gwiwata take sha ba. 'Yan Jos kuwa da sauran masu tudu, kada ma ku yi dogon tunani. Abin da zan ce kawai kada a zarce, a bar na gaba ya zama aƙalla ninki biyu na na baya, don in ka sassauta fiye da haka ƙarfin da ke shiga hob ɗin yana yi wa kayan ciki yawa.

Canjin kansa ba wuya. Farantin yana zaune ne a kan 'yan kunnuwa uku, wani zoben waya mai tsalle ya riƙe shi. Da bakin sukundireba ake ɓanɓaro zoben, ka dai sa hannu ka tare don yana iya tashi sama ya same ka a ido. Ka lura da yadda washoshin suke jere da kuma ɓangaren da farantin yake kallo, don sarƙa ta tafi a miƙe. Abin daɗin shi ne mazaunin kunnuwa ukun nan iri ɗaya ne a Sturmey-Archer da Shimano da Sachs, har da kekuna da yawa masu birkin feda, don haka a tarin kayan gwanjo ana dacewa. Za ka buƙaci ƙara wa sarƙa gaɓa biyu. Idan kuma kekenka mai rufaffen gidan sarƙa ne, a auna tukuna, wani gidan ba ya ɗaukar 22.

Sai babbar magana, wadda ta shafi lafiyar jikinka. Tsohon AW yana da wani gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda babu komai, feda tana juyawa a banza kamar mota a firi. Idan saitin wayar daidai yake ba za ka taɓa faɗawa ciki ba. Idan ya goce, to wata rana kana miƙe kana danna feda da dukkan nauyinka sai ƙafa ta tafi fuu. Ya faru da ni sau ɗaya, bayan an yi min faci an mayar da taya ba a sake saiti ba. Na sauka a kan ƙarfen tsakiya. Maza sun gane abin da nake nufi, ba sai na yi bayani ba. Allah Ya taimake ni babu mota a bayana.

Ga yadda ake saitin, kuma ina roƙon duk mai irin keken nan ya koya da hannunsa. Ka sa giya a ta biyu. Ka leƙa ta ramin da ke jikin dogon notin dama. 'Yar sarƙar nan tana haɗe da wani siririn sanda da ya shige cikin aksul. Inda sandan ya ƙare, wato kafaɗarsa, shi ake so ya yi daidai da bakin aksul, kada ya leƙo waje, kada ya nutse ciki. Idan bai yi ba, ka sassauta ɗan notin da ke jikin wayar, ka murɗa dogon bututun gaba ko baya har ya daidaita, ka mayar ka ɗaure. Sannan ka gwada: a ta uku waya ta ɗan saki, a ta ɗaya ta ɗaure amma ba kamar tsirkiyar garaya ba, in ka ja 'yar sarƙar da yatsa ta ɗan ƙara fitowa kaɗan. Na Shimano ya fi sauƙi, akwai 'yar taga a jikin akwatin da ke bakin aksul, a giya ta biyu za ka ga alamar rawaya, ka murɗa har ta zauna tsakanin layuka biyun. Sababbin Sturmey na Taiwan an toshe wancan gurbin, amma su ma suna son saiti.

Duk da haka ni dokata ita ce ba na miƙewa a kan feda a giya ta uku. In hanya ta yi nauyi, in sauko ta biyu. Kuma lokacin canzawa ka ɗan sassauta ƙafa na daƙiƙa ɗaya, kada ka canza kana dannawa da ƙarfi, haka ake cinye bakin ƙarfen ciki.

Wata dabara da Baba ya nuna min: a AW idan waya ta tsinke, hob ɗin yana komawa giya ta uku ne, mafi nauyi. Kada ka tura keke har gida. Ka ja 'yar sarƙar waje da hannu, ka soka ɗan ƙusa ko guntun waya a cikin gaɓarta a bakin notin don kada ta koma, ka samu giya mai sauƙi ka lallaɓa.

Mu zo kan mai, tunda shi ne ya kusa sa a jefar da hob ɗin Baffa a bola. A ciki akwai wasu 'yan harsuna da ke kama jikin gwangwanin, su ne kake jin suna tik-tik-tik. Abin da ke tura su wata waya ce siririya kamar gashi. Idan mai ya bushe ya zama danƙo, wayar ba ta da ƙarfin ɗaga harshen, sai feda ta riƙa zamewa, sai a ce hob ya mutu. Shi ya sa tsohon AW mai yake sha, ba giris ba. Kada ka bari kowa ya ɗura masa giris ta ramin nan. Kada a sa man gyaɗa ko manja, na san muna yi wa sarƙa haka in an matsu, amma a ciki daskarewa suke yi. Kada a sa baƙin man da aka juye daga inji, cike yake da garin ƙarfe. Man inji sabo marar kauri sosai shi ne daidai. Man keken ɗinki ma yana yi, sai dai ya fi saurin tsiyayewa. Ni ina ɗiga kaɗan duk sati biyu, da hunturu ko bayan ruwa ya dake ni in ƙara. Za ka ga yana ɗan tsattsafowa ta gefe, ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi, yana fitowa da datti. Ka dai riƙa gogewa, don in ya yi yawa yana bin sifok ya gangara kan rim, birki ya daina kamawa.

Ƙarar ma tana ba da labari. A AW mai lafiya, kana taka feda a ta biyu da ta uku za ka ji tik-tik a hankali, a ta ɗaya kuma shiru. In ka ji sautin ya bushe ya yi kaifi, yana neman mai. Su kuma na Shimano da sababbin Sturmey ba su da ramin mai, da giris na musamman aka rufe su, sai an kwance ake sabuntawa. Masu birkin feda a cikinsu kuwa dole giris mai jure zafi, wannan kada ka yi masa gwaji a gida.

Ruwa shi ne babban abokin gaba. Da damina in titi ya cika har ruwa zai kai tsakiyar taya, sauka ka ɗaga bayan keken ko ka canza hanya. Kuma kada ka kai shi wajen wankin mota a sa masa bututun nan mai ƙarfi, yana tura ruwa ciki ya kori mai.

Sai wajen mai faci, inda yawancin ɓarnar take faruwa, ba don mugunta ba, don ba a saba da shi ba. In zai yiwu a yi facin ba tare da an cire tayar ba, a zaro tub ɗin ta gefe. In dole sai an cire, ka tsaya a kai. A kwance bututun wayar daga 'yar sarƙa, a bar ɗan notin a inda yake don ya zama alama. A lura da washoshin nan masu ɗan kunne da ke shiga cikin tsagar firam. Kun tuna na ce ranar a manne take da aksul kuma ba ta motsi? To washoshin nan su ne suke hana aksul ɗin juyawa. In aka yar da su aka sa na gama-gari, aksul zai riƙa murɗawa yana cin firam. Notin ma zarensa daban ne da na sauran kekuna, in ya ɓata kada a tilasta wani a kai, za a kashe zaren aksul ɗin, kuma aksul ya fi noti wuyar samu nesa ba kusa ba. Wajen mayar da siririn sandan, da yatsa ake murɗa shi har ya tsaya, sannan a dawo da shi baya kaɗan, kada ya wuce rabin juyi, don 'yar sarƙar ta kalli inda waya take. In taya tana girgiza, ta gefen hagu ake ɗaure kon, a bar ɗan motsi kaɗan a bakin rim. Na dama ba a taɓa shi, shi ne ma'aunin kayan ciki.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Yana da nauyi. Tazarar da ke tsakanin giya da giya tana da faɗi, wani lokaci ka ji ta biyu ta yi sauƙi ta uku ta yi nauyi, babu ta tsakiya. Mai son tsere ba nasa ba ne. Kuma kayan gyaransa ba a kowace rumfa ake samu ba, ni sai da na sayi wani mataccen hob a wajen 'yan gwangwan na ajiye don ranar buƙata. Ina ba ku shawara ku ma in kun gani ku saya, kafin a auna shi a kilo a narkar.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba ya haura saba'in, kuma a rumfarsa babu yaro ko ɗaya da ya iya buɗe hob ɗin nan ya mayar. Na tambaye shi dalili, ya ce yaran duk gyaran babur suke so, can ne kuɗi yake. Ban ga laifinsu ba. Amma kekunan gwanjo masu irin wannan giyar suna ta shigowa, ɗalibai da 'yan kasuwa suna saye, kuma duk wanda ya ɗan yi tari sai a cire masa hob a mayar da shi giya ɗaya. Mutum ya biya kuɗin giya uku, ya sake biyan kuɗi a raba shi da biyu.

Na roƙi Baba ya yarda mu zo mu zauna ya kwance guda ɗaya a gabanmu tun daga farko har ƙarshe, mu ɗauka a waya. Da farko ya ce shi ba ɗan fim ba ne. Daga baya ya ce to, amma da sharaɗin a zo da yara biyu ko uku masu gyaran keke su riƙe sifana da hannunsu, ba masu kallo kawai ba. Don haka in kana gyaran keke, ko ƙaninka yana yi, ka yi min magana ta inbos. Mutum uku kawai rumfar za ta ɗauka.

Sauran kuma, duk wanda yake da tsohon keke a zaure ko a bayan ɗaki, ya je ya goge tsakiyar tayar baya da tsumma yau ɗin nan. In ka ga rubutu da lamba, ɗauki hoto ka ajiye mana a ƙasa, ka ƙirga haƙoran farantin gaba da na baya ka rubuta, zan yi maka lissafin wanda ya dace da kai. Ina so in ga ko akwai wanda nasa ya girmi na Baffa.

Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.